AZUMI DA ADDU'A: MUN YI MAGANA, AMMA MUN SAURARA KUWA?

A ƙauyukanmu da garuruwanmu, idan mutum yana da kuka ya kai shi fada, akwai yadda ake yi. Zai tuɓe takalmansa, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya zayyana abin da ke tafe da shi. Idan ya gama sai ya ja bakinsa ya yi shiru, ya sunkuyar da kai, ya jira abin da sarki zai ce. Ba mu taɓa jin wanda ya gama kai kukansa, sa'an nan ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya kama hanya tun sarki bai buɗe baki ba. Wanda ya yi haka, fadawa za su ce ko dai ba shi da tarbiyya, ko kuwa dama ba amsa ya zo nema ba.

To, jama'a masu karatu, abin da ba za mu yi wa sarkin duniya ba, shi ne da yawanmu muke yi wa Sarkin sarakuna. A kowace shekara, da shigowar watan Janairu, ko kuwa a kwanaki 40 ɗin nan na kafin Ista, ikkilisiyoyi da dama sukan yi shelar azumi da addu'a. Wasu kwana 3, wasu kwana 7, wasu har 21. Da yamma majami'a ta cika, a kunna lasifika, a karanto jerin roƙe-roƙe: aiki, aure, haihuwa, lafiya, jarrabawar yara, zaman lafiyar ƙasa. Duk waɗannan abubuwa ne masu kyau, Ubangiji da kansa kuwa ya ce mu roƙa. Amma da an ce Amin ta ƙarshe, sai kowa ya nufi gida wajen kunu da ƙosai. Mun yi magana ta awa biyu, shi kuwa wanda muka zo wurinsa ko minti biyu ba mu ba shi ba.

Shi ya sa a wannan mako muka ga ya dace mu duba wani ɓangare na azumi da ba a cika yin wa'azi a kansa ba, wato azumi a matsayin hanyar sauraron Allah. Abin da muke so mu faɗa a taƙaice shi ne, ba a yin azumi domin a ƙara wa muryarmu ƙarfi a kunnen Allah, gama shi ba kurma ba ne. Ana yin sa ne domin a buɗe namu kunnen.

ABIN DA YA FARU A ANTAKIYA

Bari mu fara da Ayyukan Manzanni sura 13. Birnin Antakiya yana nan har yau a kudancin ƙasar Turkiyya, a can ne kuma aka fara kiran masu bi da suna Kirista. A ikkilisiyar birnin akwai shugabanni biyar: Barnaba, da Saminu wanda ake yi wa laƙabi da Baƙi, da Lukiyas mutumin Kurane, wato cikin ƙasar Libiya ta yau, da Manayen wanda ya tashi tare da sarki Hirudus, sai kuma Shawulu wanda muka fi sani da Bulus. Littafin ya nuna mana su suna cikin sujada da azumi. Bai ce sun zo da wata matsala ba, bai kuma ba mu jerin abin da suka roƙa ba. Suna cikin wannan hali ne Ruhu Mai Tsarki ya umarce su su keɓe masa Barnaba da Shawulu saboda aikin da ya kira su.

Mu lura da abu biyu a nan. Na farko, abin da suka ji ba abin da mutum zai so ya ji ba ne. Barnaba da Shawulu sun shekara guda cur suna koyar da wannan jama'a, su ne ginshiƙanta. Ku ɗauka a ce yau ikkilisiyarku ta yi azumi, amsar da ta fito kuwa ita ce ku saki fastonku da babban dattijonku su tafi inda ba a taɓa jin bishara ba. Nawa ne cikinmu za su ce lalle wannan muryar Ubangiji ce?

Na biyu, bayan sun ji ba su yi garaje ba. Sun sāke yin azumi da addu'a, sa'an nan suka ɗora musu hannu suka sallame su. Ashe azuminsu biyu ne, ɗaya domin su ji, ɗaya domin su iya yin biyayya da abin da suka ji. Daga wannan ɗaki ne tafiyar bishara ta farko ta Bulus ta tashi, ta bi ta tsibirin Kubrus ta shiga Asiya Ƙarama. Da mutanen nan biyar sun cika ɗakin da nasu surutu, wa ya san inda labarin zai tsaya?

ME YA HAƊA CIKI DA KUNNE?

Wani zai tambaya, to me ya haɗa yunwa da sauraro? Ai da cikakken ciki ma Allah yana iya yi wa mutum magana. Gaskiya ne. Ba abincin ne mugu ba, kyautar Allah ce. Amma Hausawa sun ce jiki ya fi kunne ji. Akwai gaskiyar da muka sha ji a wa'azi har ta zama kamar waƙa, ba ta kuwa shiga zuciya sai ran da jiki ya ɗanɗana ta. Dukanmu mun san a baka cewa mu masu rauni ne, muna dogara ga Allah. Amma bari azahar ta yi mutum bai sa kome a bakinsa ba, gwiwa ta fara sanyi, kai ya fara sarawa, a nan ne yake sanin cewa ƙarfin da yake taƙama da shi bai wuce kwanon tuwo ɗaya ba. Wannan shi ne darasin da Musa ya ce Allah ya koya wa Isra'ilawa a jeji, kamar yadda yake a Maimaitawar Shari'a sura 8: ya bar su suka ji yunwa, sa'an nan ya ciyar da su, domin su san ainihin abin da ke riƙe da ransu. Mai girman kai ba ya sauraron kowa. Azumi kuwa yana sauke mutum daga kan doki.

Har wa yau, azumi yana tono abin da ke kwance a ƙasan zuciya. Matanmu sun san idan aka ɗebo ruwan rafi da damina ba a shan sa nan take. Sai an zuba a randa, an bar shi ya kwanta, laka ta koma ƙasa. Haka zuciyarmu take. Hidimar yau da kullum tana ta dama ta, ga kasuwa, ga gona, ga ofis, ga wayar hannu da ba ta barin mutum ya huta. Sa'ad da muka keɓe, muka daina ci, muka yi shiru, sai mu fara ganin abin da ke ciki. Mutum yakan yi mamakin irin fushin da ke fitowa daga bakinsa ran da yake azumi, sai ya ce yunwa ce. Ba yunwa ce ta kawo fushin ba, dama yana nan, tuwo ne ya rufe shi. Sau da yawa wannan ita ce magana ta farko da Ubangiji yake yi wa mai azumi, wato ya nuna masa kansa.

Dattawanmu za su tuna zamanin da ake kama shirye-shiryen Hausa na gidan rediyon ELWA daga Laberiya, wanda ya fara aiki a 1954, ko kuwa na Muryar Bishara da ake shiryawa a Jos a watsa daga Addis Ababa. Maigida zai zauna da akwatin rediyonsa yana murɗawa a hankali, yana tsawata wa yara su yi shiru, har shuuu ɗin ya ragu murya ta fito. Murɗawarsa ba ita ce ta sa tashar ta fara magana ba. Tashar tana magana tun tuni. Shi ne dai ya daidaita akwatinsa. Azumi ke nan.

Annabi Iliya ya koyi wannan a Dutsen Horeb, a 1 Sarakuna sura 19. Ya yi tafiyar kwana 40 ba ci, ya isa da ƙorafi cike da bakinsa, yana cewa shi kaɗai ya rage, ana kuma neman ransa. Aka yi iska mai farfasa duwatsu, aka yi girgizar ƙasa, aka yi wuta, amma ba a cikin ko ɗayansu ya sadu da Ubangiji ba. Sai da kome ya lafa ya ji wata 'yar murya a hankali. Me kuma aka gaya masa? An gyara masa lissafinsa, cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, aka kuma ce ya koma bakin aiki, ya naɗa Elisha ya gaje shi. Mu da muke auna zuwan Ruhu da ƙarar lasifika, ya kamata wannan labari ya sa mu yi tunani.

AZUMI BA TOSHIYAR BAKI BA NE

Akwai wani tunani da ya yi kaka-gida a zukatan masu bi da yawa, cewa azumi kamar kuɗi ne, wanda ya biya kwana 3 a ba shi kaza, wanda ya biya kwana 21 a ba shi abin da ya fi. Idan kuma abin bai zo ba, sai mutum ya yi fushi da Allah kamar wanda aka cuta a ciniki. Wasu har bangaskiyarsu takan yi sanyi saboda haka.

Wannan tunani ba sabo ba ne. A Ishaya sura 58 jama'a sun yi gunaguni cewa sun yi azumi amma Allah bai kula ba. Amsar da aka ba su mai zafi ce. An ce musu a ranar azumin nasu ma suna matsa wa ma'aikatansu, suna faɗa da juna, har da dambe. Aka kuma bayyana musu irin azumin da Allah yake so: a saki wanda aka danne, a raba abinci da mayunwaci, a ba mara gida masauki, a suturta mara tufa, kada kuma mutum ya juya wa danginsa baya. Ashe ba Allah ne bai ji su ba. Su ne ba su ji shi ba. Haka kuma a Zakariya sura 7, sa'ad da mutanen Betel suka aiko tambaya ko su ci gaba da azumin da suka shekara 70 suna yi, sai aka mayar musu da tambaya, cewa duk shekarun nan domin wa suka yi shi, domin Allah ko domin kansu?

Sarki Dawuda ya nuna mana hanyar da ta fi. A 2 Sama'ila sura 12 ɗansa ya kwanta ciwo, Dawuda ya ƙi ci, ya kwana a ƙasa yana roƙo. A rana ta bakwai yaron ya mutu. Fadawa suna tsoron gaya masa, amma da ya gane sai ya tashi ya yi wanka, ya sāke tufafi, ya shiga ɗakin Ubangiji ya yi sujada, sa'an nan ya ce a kawo abinci. Ya roƙa da dukan zuciyarsa, amsar ta zo a'a, ya kuwa karɓe ta. A'a ma amsa ce, sai dai mai sauraro ne kaɗai ke iya jin ta bai fāɗi ba.

Ba da wasa muke faɗar wannan ba, domin mun san nauyinsa. A daren 14 ga Afrilu 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok, da yawansu kuwa 'ya'yan ikkilisiyar EYN ne. Masu bi a ƙasar nan da ƙasashen waje sun yi azumi, sun yi kuka a gaban Ubangiji. Wasu daga cikin yaran sun dawo, muka yi godiya. Wasu kuwa aka shafe fiye da shekara 10 ba su dawo ba, akwai iyayen da suka mutu suna jira. Wa zai iya duban waɗannan iyaye ya ce azuminsu ne bai kai ba? Allah ya kiyashe mu da irin wannan magana. Abin da muka gani shi ne ikkilisiyar da aka ƙone wa ɗaruruwan majami'u, aka kori 'ya'yanta daga gidajensu, amma ta tsaya a kan koyarwarta ta salama, ba ta yi kiran ramuwa ba. Wanda yake cikin irin wannan wuta bai kuwa ɗauki fansa ba, lalle akwai muryar da yake ji wadda ta fi muryar fushinsa ƙarfi.

BA KOWACE MURYA CE TA UBANGIJI BA

A nan sai mun yi hattara ƙwarai. Idan mutum ya buɗe kunne, ba murya ɗaya kaɗai zai ji ba. Ubangijinmu Yesu ya yi azumin kwana 40 a jeji, muryar da Matiyu sura 4 ta ce ta zo masa a ƙarshe kuwa ta Iblis ce. Abin tsoro ma shi ne, Iblis ya jawo aya daga Zabura 91 domin ya ƙarfafa maganarsa. Yesu bai amsa da mafarki ko wahayi ba. Sau uku yana amsawa da abin da ke rubuce a Maimaitawar Shari'a. In an jarabci Ubangiji a cikin azumi, mu su wa ne da za mu ce duk abin da ya faɗo mana a rai muna azumi daga sama yake?

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana cewa ana iya yin mugunta da sunan azumi ba. A 1 Sarakuna sura 21, Yezebel ta sa aka yi shelar azumi a gari, aka zaunar da Nabot a gaban jama'a, aka kawo shaidun zur biyu, aka jajjefe shi, duk domin a ƙwace gonar inabinsa. A Ayyukan Manzanni sura 23 kuma mutum fiye da 40 suka yi rantsuwa ba za su ci ba, ba za su sha ba, sai sun kashe Bulus. Su ma a ganinsu aikin Allah suke yi.

A zamaninmu ma mun ga abin da ya fi ƙarfin baki. A 2023 aka tono gawawwaki fiye da 400 a dajin Shakahola na ƙasar Kenya, da yawansu yara ƙanana. Hukumomin ƙasar sun tuhumi wani mai wa'azi da cewa shi ya koya wa mabiyansa su ƙi ci har mutuwa domin su sadu da Yesu. Waɗannan bayin Allah sun saurara, amma muryar mutum suka saurara.

Ba sai mun je Kenya ba. A tsakaninmu saurayi yakan tari budurwa ya ce ya yi azumin kwana 7, Allah ya nuna masa ita ce matarsa, ita kuwa ta rasa bakin musu don tsoron kada ta yi jayayya da Allah. 'Yarmu, kada ki ji tsoro, Allahn da ya san hanyar gidansu ya san hanyar gidanku, in maganarsa ce zai gaya miki ke ma. Haka wanda bai ci zaɓen dattawa ba yakan shiga azumi, ya fito ya ce an umarce shi ya buɗe tasa majami'a, ya ja rabin jama'a. Wata kuma ta fito daga azumi da sunan surukarta ko maƙwabciyarta, wai ita ce ta tsare mata haihuwa. Gidaje nawa suka watse ta haka?

To, da me za mu gwada abin da muka ji? Na farko, da Maganar Allah. Ubangiji ba ya yi wa kansa musu. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, saboda haka wanda ya rufe Littafin ya zauna jiran wata murya dabam, ya bar rijiya ne ya tafi neman raɓa. Yawancin abin da Allah zai faɗa mana a azumi, tsohuwar aya ce da muka sani za ta tashi ta tsaya a gabanmu.

Na biyu, da 'yan'uwa. A Antakiya mutum biyar ne suka ji tare. Yaro Sama'ila ma, a 1 Sama'ila sura 3, sau uku yana jin kira yana rugawa wurin Eli, sai da tsohon ya gane ya koya masa yadda zai amsa. Idanun Eli sun dushe, gidansa ma ba a shirye yake ba, duk da haka ta bakinsa yaron ya san mai kiransa. Kunne ya girmi kaka, in ji masu iya magana. Kai abin da ka ji wurin fasto ko dattijo ko uwa a Zumuntar Mata wadda ka san ba za ta yi maka daɗin baki ba. Maganar da take gudun a gwada ta, akwai lauje cikin naɗi.

Na uku, mu duba wa maganar ta ɗora wa kaya. Idan kullum abin da muke ji shi ne mu ne masu gaskiya, wani ne zai tuba, wani ne zai biya, to wataƙila muryarmu ce take dawo mana kamar amsa-kuwwa a cikin dutse. Muryar Ubangiji takan ce je ka nemi gafara, mayar da abin da ka riƙe, biya ma'aikacinka, ɗauki marayan ɗan'uwanka.

YADDA MAGABATA SUKA YI

Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke ganin himmarsu a watan Ramadan, har sukan aiko mana da kunun buɗe baki, wani lokaci sukan tambaye mu ko Kirista ma suna azumi. Amsa ita ce ƙwarai kuwa, tun daga farko. Wani ɗan littafi mai suna Didake, wanda aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2, ya nuna masu bi na lokacin suna azumi ran Laraba da Jumma'a. Zuwa ƙarni na 4 azumin kwana 40 na kafin Ista ya bazu a ikkilisiyoyi. Ikkilisiyar Otodoks ta Habasha tana riƙe da Laraba da Jumma'a, babban azuminta na kafin Ista kuwa kwana 55 ne, ba nama, ba madara, ba ƙwai. 'Yan'uwanmu Katolika suna azumi ran Larabar Toka da Jumma'ar da ake tunawa da gicciye Ubangiji. John Wesley da abokansa a Ingila, waɗanda ikkilisiyar Metodis ta fito daga cikinsu, sukan yi azumi Laraba da Jumma'a har ƙarfe 3 na yamma.

Abin lura shi ne waɗannan mutane ba sa jira sai wuta ta kama gida kafin su yi azumi. Sun mai da shi abin yi a kai a kai, kamar ɗa mai zuwa gaishe da mahaifinsa ko ba ya neman kome. Wanda ba ya zuwa sai da buƙata, ba ya sanin muryar uban sosai. A ƙasarmu ma, waɗanda suka ga aikin Sabon Rai Don Kowa a shekarun 1960 za su shaida cewa kafin a fita wa'azi, da ƙananan ƙungiyoyin addu'a aka fara, a gidaje da unguwanni. An zauna a gaban Ubangiji tukuna, sa'an nan aka fita.

TO, YAYA ZA MU YI?

Ga 'yan shawarwari ga wanda yake so ya gwada. Ka fara da kaɗan. Tsallake abinci ɗaya ko biyu da zuciya ɗaya ya fi kwana 21 na ganin ido, gama fankam-fankam ba shi ne kilishi ba. Lokacin da za ka ɓata wajen ci, ka ba Ubangiji shi. In ka bar tuwo amma ka wuni a kan waya da hira, ba azumi ka yi ba, horon ciki kawai ka yi.

Ka ɗauki sura ɗaya ka karanta a hankali, sau biyu ko uku. Ka faɗi abin da ke zuciyarka, sa'an nan ka yi shiru, ko da na minti 15 ne. Da farko shirun zai yi maka nauyi, tunanin bashi da na kasuwa za su yi ta zuwa. Kada ka karaya, ka komo kan ayar. In wani abu ya tsaya maka a rai, rubuta shi, ka bar shi ya kwana. In kuma ba ka ji kome ba, kada ka ƙago. Zama a gaban Uba ba ya zama asara. Shugabannin sujada kuma, muna roƙonku, a taron azumi ku bar wa jama'a ɗan lokaci na shiru, a ajiye makirufo.

Ka rufa wa azuminka asiri. A Matiyu sura 6 Yesu ya koya mana mu wanke fuska mu shafa mai, kada mu yi ta yamutsa fuska don a sani. Mai neman mutane su gan shi, kunnensa yana wajen mutane ne.

Ka tuna da mayunwaci. A cikinmu akwai waɗanda, musamman a watannin Yuli da Agusta sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, rashin ci ba zaɓinsu ba ne. Wani littafin masu bi na ƙarni na 2, Makiyayi na Hermas, ya koyar cewa mai azumi ya lissafta kuɗin abincin da zai ci a ranar, ya ba gwauruwa ko maraya. Mudun da ba a dafa ba ran azumi, bai kamata ya koma buhu ba.

Daga ƙarshe, ka kula da lafiyarka, gama jikin nan haikalin Ruhu ne. Mai ciwon sukari, da mai gyambon ciki, da mai sikila, da mace mai ciki ko mai shayarwa, da tsofaffi, da yara, da duk mai shan magani kullum, kada su shiga azumin abinci sai sun ji ta bakin likita. Suna iya yin irin na Daniyel, wanda ya bar nama da abinci mai daɗi har mako 3, ko su bar wani abu dabam da ke cinye musu lokaci. Ƙin shan ruwa na kwanaki, balle a zafin Maris da Afrilu, yana iya lalata ƙoda, har ya kai ga mutuwa. Azumin Esta na ba ci ba sha kwana 3 ne, an kuwa yi shi ne domin ran al'umma guda yana kan siraɗi. Mu tuna kuma, kafin Iliya ya kama tafiyarsa, sau biyu mala'ika yana tashinsa daga barci ya ba shi abinci da ruwa. Wani lokaci abin da Ubangiji yake ce wa bawansa da ya gaji shi ne ya ci, ya kwanta. Wannan ma sai mai sauraro ke ji.

'Yan'uwa, ran da azumi ya ƙare aka kawo kunu, tambayar da za mu yi wa kanmu ba ita ce me na samu ba. Tambayar ita ce me na ji, me kuma zan yi da shi gobe da safe. In akwai ƙofar da za mu ƙwanƙwasa mu nemi gafara, mu je. In akwai bashin da za mu biya, mu biya. In an ce mu jira, mu jira. Mun riga mun kai kukanmu fada, Sarki kuwa ya ji. Saura mu zauna.

Ubangiji ya ba mu kunnen ji da zuciyar biyayya, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.